Daga Hurgada: kayan da ake sawa a nutse cikin Bahar Maliya

Ƙanena, bayan gaisuwa, ka gaida Inna da mutanen gida. Ka ce in ka iso Masar kana son koyon nutso da tulun iska, kuma tunda ruwan nan da ɗumi, gajeren wando ya ishe ka kamar masuntan tabkin Madarumfa. Ba zai ishe ka ba.

Da zafi ruwan Hurgada yakan kai digiri 28 ko 29, da sanyi ya sauko wajen 22. Amma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Minti arba'in a zurfin mita 18, sai ka ga ƙato ya fito haƙora na kaɗawa. A shagon da nake aiki rigar roba muke ba mutane, ta neoprene: mai kaurin milimita 3 da zafi, milimita 5 daga Disamba zuwa Maris. Akwai mai gajeren hannu da ƙafa, ta fi araha, amma ni doguwa zan sa ka saya. Akwai wani murjani mai ƙuna da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, in ya goge ka a gwiwa sai ka yi kwanaki kana susa. Ga shi doguwar ta rufe jiki daga wuya har idon sawu. In ka ɗora wando a sama saboda matsewar, al'aura ta suturtu.

Abin da zai yi maka wuya shi ne awo. Telanmu na babbar kasuwar Maradi yalwa yake bar wa mutum, iska ta ratsa. Nan dole rigar ta kama jiki, don ɗan ruwan da ya shiga ya tsaya jiki ya ɗumama shi. In ta yi burum-burum, ruwan sanyi ya riƙa shiga yana fita ke nan, kuɗinka sun tafi banza. Kuma babu telan da zai rage maka ita a kan keke. In ta yage da gam ake liƙewa. Don haka kada ka sayi ta gwanjo ba ka gwada ba, tsohuwar roba ta riga ta lalace, ba ta riƙe ɗumi.

Wajen haya kam shagunan nan sun fi namu na gida tsari. Kowace riga ana ɗauraye ta da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, kuma ba a ba ka tulu sai ka nuna takardar koyo, irin ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, ko ka shiga da malami. Tulu da dalmar ɗaurawa a ƙugu da kayan shaƙa duk ka yi haya. Gilashin fuska kuwa sayi naka, na kamfanin Cressi ko Mares, ka manna shi a fuska ka ja numfashi da hanci; in ya tsaya bai faɗi ba, shi ne daidai kai. Turo mini tsawonka da nauyinka in fara duba maka rigar kafin ka taso.