Gargaɗi: na biya naira 420,000, aka kulle ni daga shafin makarantarmu

Har yanzu ban daina tuna daren da na tura wa wani mai gina shafukan intanet sunan shiga da kalmar sirrin shafin makarantarmu ba. A kan WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, aka gina shafin, aikin da na ba shi kuwa bai taka kara ya karya ba: ya haɗa mana wani sashe na musamman inda malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa, iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu, ba tare da kowa ya samu damar taɓa sauran shafin ba. Muka daidaita a kan naira 420,000, na fara ba shi 250,000 kafin alƙalami.

Kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba. Na san WordPress yana da matakan iko guda 5, na san edita rubuce-rubuce kawai yake iya gyarawa, admin kuwa yana iya saka manhaja, ya buɗe sabon asusu, ya rage wa wani admin matsayi ko ya goge shi gaba ɗaya. Saboda haka ma matakin edita na fara ba shi. Sai ya kira ni da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, edita ba ya iya ɗora manhaja, sai ka ba ni admin na kwana biyu kacal." Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa na yarda, kuma wani da nake ganin girmansa ne ya haɗa mu. Kwana biyu kacal, haka ya faɗa.

Cikon 170,000 ɗin na tura masa ne bayan ya nuna mini aikin ta bidiyo, ko da yake daga baya na gano cewa tun kafin ranar ya riga ya buɗe wa kansa asusun admin har guda 2 da sunayen da suka yi kama da na malamanmu. Ranar da za mu saki sakamako na shiga na tarar an mayar da asusuna matakin mai karatu, wanda ba ya iya gyara komai a shafin, an kuma sauya imel ɗin shafin. Da na neme shi sai ya ce in ƙara naira 300,000 kuɗin kula da shafi, bayan 420,000 da ya karɓa, iyaye kuma suna ta kirana.

Allah ya taimake ni, asusun kamfanin da ke ajiye mana shafin da sunana yake, ta nan wani ƙanena ya shiga rumbun bayanai ya dawo mini da ikona. Sashen da na biya wa 420,000 kuwa, ashe manhajar kyauta ce ya sauya wa suna.

Kada ku ba kowa asusunku. Ku ba wanda zai yi muku aiki kwafin shafin ya yi gwajinsa a can, ya turo muku fayil ku ɗora da kanku, sannan ku duba jerin masu admin. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki suna hannuna, zan saka su da zarar na shigar da ƙorafi a EFCC.