Na canza birenbos da sensar salansa a Corolla 2010, ga yadda aikin ya kasance

Jama'a assalamu alaikum. Masu Corolla 2009 zuwa 2013, musamman 'yar Amurka mai injin 2ZR-FE 1.8, da ma duk wanda wutar cek injin ta addabe shi, ga sharhina a kan aikin da wani mai wayarin mai kwamfuta ya min a nan Kano da kuma kayan da aka sa, dan na ga ana ta sa mutane suna zubar da kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau. Aikin dai ya yi kuma na gamsu, amma akwai wuraren da ban ji daɗi ba, su ma zan faɗa.

Motar tokumbo ce, atomatik. Da shan mai abin ya fara, kuma kun san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa idonsa na kan allurar mai, ƙaramin canji ma sai ka gane. In na tsaya a danja sai ta dinga karkarwa, in na taka totur sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka, ga wutar nan mai ruwan ɗorawa a kunne. A garejin farko aka canza filogi, aka wanke nozul, da abin bai tafi ba sai aka ce sensar salansa ce ta gaba, wato mai auna hayaƙin da ke fita daga inji, aka kawo wata mai araha wai tana shiga kowace mota, aka yanke wayoyinta aka jona da na motar aka naɗe da tef, sannan aka cire kan batir na ɗan lokaci wutar ta ɗauke aka ce an gama. Ba a jima ba ta dawo, shan man ma ya ƙaru. Daga baya aka wanke min injin da ruwan famfo mai ƙarfi a wajen wankin mota, ta fara mutuwa a kan hanya, har ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya, kik na juyawa amma inji shiru. Jan ta aka yi zuwa wajen mutumin da nake magana a kansa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ce min komai ba sai da ya auna. Ya murɗa makulli bai tayar ba, ya ce Alhaji kalli dashbod, duk fitilu sun kawo banda ta cek injin. Ya ce a lafiyayyar mota dole ta kawo in an murɗa makulli sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi, in ba ta kawo ba ko dai birenbos, wato akwatin da ke sarrafa aikin inji, baya samun wuta ko kuma shi ɗin ne ya tafi. Ya jona kwamfutarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2, duk motar da aka yi dan kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Kwamfuta ta ƙi magana da injin. To a nan ne da yawa za su ce maka kawai birenbos ya ƙone je ka nemo wani, shi kuwa sai ya ɗauko mita ya bi fiyus ɗin EFI da rile, masu kai wa birenbos wuta, ya duba wuta na shiga, ya duba wayoyin as, duk lafiya. Sannan ya nemi wutar bolt 5 ɗin da birenbos yake aika wa sensoshi, babu. Ya ce ko wannan ma bai isa a yanke hukunci ba, dan sensa guda in ta yi shot tana iya jan bolt 5 ɗin nan ƙasa ta kashe komai, mutum ya je ya sayo birenbos a banza ya sa matsalar tana nan, sai ya dinga zare soket ɗin masu amfani da layin ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita, bai dawo ba.

Sai a lokacin ya zare soket ɗin birenbos ɗin kansa. A wannan modal ɗin ba a cikin mota yake ba irin na 2003 zuwa 2008 da ke bayan akwatin gaban fasinja, a cikin bonet yake kusa da gidan eya kilina. Ya haska min da tocilan waya, wallahi da idona na ga fil ɗin ciki sun yi kore-kore, biyu sun cinye har sun kusa tsinkewa, ga danshi a lungun soket ɗin. Robar da take tare ruwa babu ita, ga alama wani ne ya taɓa buɗewa can baya bai mayar ba, ga kuma wayoyi an huda su da allura wajen gwaji an bar su haka. Wato ruwa ya daɗe yana shiga kaɗan-kaɗan, wankin injin ne ya ƙarasa shi.

Maganar sayen wani kuwa, nan ne mutum zai nutsu. Kar ka yarda da "ai na Corolla ne, zai yi". Akwai lamba a jikin kwalin ƙarfen, a Toyota da 89661 take farawa sannan wasu lambobi da haruffa su biyo, su ne suke nuna na wane inji ne, wace giya, wace kasuwa. Na manuwal daban, na atomatik daban, na 'yar Amurka daban da na 'yar Turai ko Dubai ko da soket ɗin ya shiga. Ya sa na ɗauki hoton lambar, yaronsa ya raka ni kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu, muka zaga har muka samu ɗan Beljiyam mai lamba iri ɗaya, muka duba fil ɗinsa tas suke, kuma babu alamar an taɓa ɓalle murfin. Wannan na ƙarshen ku kula da shi, dan akwai waɗanda aka buɗe aka yi musu faci a ciki aka mayar da gam ake sayarwa a matsayin tokumbo. Mai kayan ya yarda in bai yi ba a dawo masa da shi matuƙar ba a goge alamar fentin da ya sa ba, amma 'yan kwanaki kawai ya bayar na gwaji, kuma gaskiya ga kaya mai tsada haka wa'adin ya min kaɗan.

Sawa kawai ba ta isa ba, dan makullin motar nan yana da cif a ciki, in birenbos bai san na'urar tsaron motar ba, to zai bar kik ya juya amma ba zai bar inji ya ci gaba ba. Wasu shi yasa suke sa ka sayi seti guda, birenbos da makulli da akwatin tsaron duka, wasu kuma su ce a kashe tsaron kwata-kwata, wanda ni ban yarda da shi ba sam, da satar motar da ake yi. Shi abin da ya yi, bayan ya gyara soket ɗin ya canza fil ɗin da suka ci ya samo roba ya sa, sai ya ɗauko 'yar guntuwar waya ya haɗa rami na 4 da na 13 a soket ɗin OBD, ya murɗa makulli ya bar shi a kunne minti 30 cif, fitilun dashbod suna ta ƙiftawa, ya jona wani batir a gefe dan kar namu ya yi sanyi a tsakiyar aikin. Da lokaci ya cika ya kashe ya zare wayar, bugu ɗaya ta tashi. Sannan ya shigar da lambar shasin motata a cikin sabon da kwamfuta, ya ce in ba a yi ba, zai iya kawo lambar matsala P0630. Dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya tsoma waya a soket ɗinsa, rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, in ka kuskure rami za ka jawo wa kanka wata asarar.

Da ta tashi ne muka koma kan asalin ciwon, shan mai da karkarwa. Bayan ɗan zagaye lambobin matsala suka fito a kwamfuta, P0171 da P0031 da P2195. Ta farkon tana nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin, biyun kuma suna nuni ga sensar gaba da hitar da ke ɗumama ta. Ya ce min Alhaji lamba fa kamar mara lafiya ne ya ce kansa na ciwo, zai iya zama zazzaɓi zai iya zama yunwa, kwamfuta inda ke ciwo take faɗa ba abin da za a saya ba. Ya buɗe wajen da ake ganin aikin inji yana tafiya, ya nuna min birenbos yana ƙara mai sama da ƙa'ida sosai a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, amma in aka taka totur ƙarin sai ya ragu. Ya ce wannan alamar iska ce take satar hanya. Ya bi babbar robar nan da ta taso daga eya kilina zuwa inji yana lanƙwasa ta da hannu, sai ga tsaga a cikin lanƙwasar ta ƙasa inda ido baya kaiwa, yatsa na shiga. Iskar da ta bi ta nan eyafulo, wato abin da ke auna iskar da ke shiga inji, bai ƙirga ta ba tunda bayansa take shiga, shi kuwa birenbos yana son ya riƙe kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, sai lissafi ya rikice. Robar aka canza. Eyafulo ɗin da a wani wajen da tuni an ce a sayo sabo, kwance shi ya yi, ƙurar hunturu ta lulluɓe siraran wayoyin ciki, ya fesa masa maganin wankinsa na musamman bai taɓa shi da tsinke ko buroshi ba, ya bari ya bushe ya mayar. Har yau shi ne a jiki.

Sensar nan mai araha kuwa ba ta motar ba ce ma tun asali. A ido kusan iri ɗaya suke, waya huɗu, zare ɗaya, amma ta gaba a wannan injin ba irin tsohuwar sensar oksijin ba ce mai lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ita tana auna yawan iska da mai ne daki-daki, a kwamfuta za ka ga tana zama wajen 3.3 in komai daidai ne, kuma hitarta ma daban take. Ta baya, wadda ke bayan indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ita ce irin tsohuwar. An sa min irin ta baya a gaba, shi yasa birenbos yake ta samun bayanin da ba shi ba yana zuba mai. Na sayi Denso sabuwa mai soket ɗinta, kuɗinta ya ninka na waccan sosai kuma na ji a jikina, amma da aka ɗaura ta inji ya yi zafi lambar ta zauna inda ya kamata, ƙarin man nan ya sauko kusa da sifili ina kallo. A kan wannan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Sai dai jabu sun cika kasuwa a cikin kwali mai kyau, ka je da wanda ya san kaya, ka duba rubutun da aka zana a jikin ƙarfen ba na kwali kawai ba.

Inda ban ji daɗi ba, na farko jira. Wajen a cike yake, mutum ɗaya ne ya iya kwamfutar, yaran sai kwancewa da ɗaurawa, in ya tashi sallah ko wani babban mutum ya kira shi komai ya tsaya. Kuɗin duba da kwamfuta daban, na haɗa makulli daban, na aiki daban, kuma ba a faɗa min haka tun farko ba sai da aka zo lissafi, da an faɗa da ba komai. Yaro ɗaya ya karya min ɗan maƙalin murfin eya kilina bai faɗa ba sai da na gani a gida, an dai canza min da na koma. Kuma ba sa ba ka komai a rubuce, ni na dinga ɗaukar hoton allon kwamfutar da wayata, ina ba kowa shawara ya yi haka kafin a goge lambobin.

Bayan aikin silo ɗin ya ɗan yi sama da ƙasa na ɗan lokaci, ya riga ya gaya min haka zai faru kafin sabon birenbos ya saba da injin, kuma ya daidaita da kansa. Karkarwa ta tafi, giya tana shiga lafiya, man da nake sha a hanyata ta kullum ya ragu yadda ba sai an faɗa min ba, wutar cek injin tana kawowa in na murɗa makulli ta ɗauke in ta tashi. Na kuma sayi 'yar ƙaramar na'urar nan ELM327 mai bulutus da ake haɗawa da waya, tana karanta lambobin inji da zafi da ƙarin mai, ba ta iya haɗa makulli ko shiga birki da jakar iska, amma ta isa ka san abin da motarka ke faɗa kafin ka shiga gareji.

Da ita ce ma na lura zafin injin baya kaiwa inda ya kamata da safe, yana daɗewa a ƙasa. Na koma masa ya duba, ashe an cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har sai inji ya yi zafi, tun kafin motar ta zo hannuna, irin abin da ake yawan yi a nan wai dan kar ta yi zafi, alhali inji in ya daɗe a sanyi birenbos ƙara masa mai yake ta yi. Fankar dai ba a mayar da ita dairek ba, Allah ya taimaka. Tamostat ɗin na riga na saya, ƙarshen wata za a sa tare da canjin ruwan lagireto.