Gargaɗi kan masu feshin "kashe-saiwa" da ke bin gidaje a Zariya

Ana jan hankalin magidanta, musamman masu fulotai da sababbin gine-gine a gefen Samaru, Hanwa da Ɗan Magaji, game da wasu mutane da ke yawo a kan babur da famfon feshi a goye, suna cewa suna da maganin da zai kashe sabara, kalgo, tumfafiya da tohon darbejiya har saiwa cikin dare ɗaya, ba za su sake tohowa ba na tsawon shekaru. Maganin nasu yana zuwa ne a jarka ko gorar lemo, babu suna, babu lambar rajistar NAFDAC, kuma idan aka tambaye su me ke ciki sai su ce sirrin sana'a ne.

Dabararsu ta dogara ne a kan abin da ido ke gani da wuri. Alamun aikinsu irin na maganin kashe ciyawa ne da ake kira paraquat, wanda ke ƙone duk ganyen da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu amma ba ya gangarawa cikin saiwa. Mai gida zai fito ya ga ganye ya yi jawur ya ƙanƙance, ya biya cikon kuɗi da murna, sannan bayan 'yan makonni ya tarar da sabon toho ya fito daga gindin kowane kututture, a lokacin kuwa lambar wayar da suka bari ta daina shiga. Duk wanda ya taɓa sare sabara ya san ƙarfinta a ƙarƙashin ƙasa yake.

Maganin da ke bin jikin itace, irin su glyphosate da triclopyr, aikinsa a hankali yake, domin glyphosate kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga tasirinsa sosai. Ga itacen da ya yi kauri kuwa, ana sare shi ne kusa da ƙasa, a shafa maganin a kan sabon saran nan take tun bai bushe ba, kuma sau da yawa sai an maimaita. Saboda haka alkawarin kashe saiwa cikin dare ɗaya shi kansa shaida ce ta damfara.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsalar. Paraquat guba ce da ba ta da makari, ƙaramin kurɓi na iya halaka mutum ta hanyar lalata huhu, amma waɗannan mutane suna fesa ruwan nasu kusa da rijiya da inda awaki da kaji ke kiwo, har ma su bar wa mai gida ragowar a gorar da yaro zai ɗauka abin sha ne.

Kada a bari kowa ya yi feshi a gida sai an ga kwalbar a rufe da hatiminta, an karanta sunan sinadarin, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Mai neman shawara ya tuntuɓi malaman gona ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru. Wanda aka riga aka bar wa ragowar, ya kulle ta nesa da yara, kada ya zubar a kwata ko kusa da rijiya.