Sharhina kan na'urar ECG ta aljihu, bayan wata takwas ina fama da tsallen bugun zuciya

Abin ya fara min ne wani dare bayan isha'i, ina kishingiɗe a falo ina duba lissafin shago a waya, kawai sai na ji zuciyata ta yi wani irin abu, kamar dai yadda janareto ke yin tari in mai ya kusa ƙarewa, ta ɗauke sannan ta dawo da ƙarfi dum har a maƙogwaro na ji shi. Babu ciwo, babu zafi. Na miƙe zaune ina salati. Kafin in gama dawowa hayyacina ta sake yi.

Matata ta ce faɗuwar gaba ce in yi ta addu'a. Hajiyarmu da ta ji labari washegari ta aiko da zamzam da rubutu. Maƙwabcina a kasuwa kuwa rantsuwa ya yi olsa ce, wai shi ma haka tasa ta fara, har ya raka ni kemis aka haɗo min maganin olsa na sha na sati biyu ba abin da ya canza. Sau biyu ina zuwa asibiti ana min ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, kuma duk biyun takarda ta fito lafiya lau, domin gwajin nan da ake manna maka wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa daƙiƙa 10 kacal yake ɗauka, ita kuma zuciyar sai ta natsu tsaf a cikin daƙiƙa goman nan, ina fitowa bakin get ta ci gaba. Wanda bai taɓa shiga wannan halin ba ba zai gane ba, kana jin abu a jikinka ƙiri-ƙiri amma takarda na cewa ƙalau kake, har mutanen gida su fara yi maka kallon mai sa wa kansa damuwa.

Ƙanena da ke karatu a waje shi ya ce Yaya akwai wata 'yar na'ura da za ka riƙa gwadawa da kanka a lokacin da abin ke faruwa, bari in aiko maka. Ba zan kira sunan kamfanin ba don kar a ce talla nake, kuma irinsu suna da yawa yanzu, har wasu agogunan hannu na yin aikin. Tawa dai 'yar siririya ce ba ta fi fakitin cingam ba, da faranti biyu na ƙarfe a samanta. Za ka sauke manhajarta a waya, ka ɗora yatsu biyu na dama a gefe ɗaya biyu na hagu a ɗaya gefen, ka zauna shiru daƙiƙa 30, sai ka ga zanen bugun zuciyarka yana tafiya a fuskar waya. In ta gama ta ajiye maka, kana iya mayar da shi PDF ka tura wa likita ta WhatsApp. Ba a yi mata caji, ƙaramin batir ne irin na agogo a ciki, kuma har yau ban canza shi ba.

Kwana uku da zuwanta na kama shi. Wallahi ba zan manta ba, bayan la'asar ne a shago, na ji ta fara sai na yi maza na ɗora yatsu. Ga zane yana tafiya daidai, tsini, tsini, tsini, sai ga wani mai faɗi daban da sauran ya yi riga malam masallaci ya faɗo kafin lokacinsa, bayansa fili, sannan aka ci gaba kamar ba a yi ba. Sai da na yi ƙwalla. Ba don tsoro ba, don dai na samu shaida cewa ba ƙirƙira nake ba. Ko a nan kaɗai na'urar ta biya kuɗinta a wajena.

Da wannan hoton na samu ganin likitan zuciya. Ya duba ya ce Malam wannan shi muke kira PVC, kuma ya ɗauki biro ya zana min zuciya a bayan kati. Ya ce zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa, kuma akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama da ke ba da umarnin kowane bugu, kamar ladan. Wani lokaci sai wani wuri a ɗakunan ƙasa ya yi azarɓaɓi ya tayar da bugu tun lokaci bai yi ba. Da yake jini bai gama cika ɗakin ba, wannan bugun ba ya tura wani jinin kirki, shi ya sa in ka riƙe jijiyar hannunka sai ka ji kamar an tsallake ɗaya. Daga nan zuciya ta ɗan jira umarni na gaba, a wannan jiran jini ya cika ta fiye da kullum, sai bugun da ya biyo baya ya zo da ƙarfi. Wato dum ɗin da ke tsinka min gaba shi ne ma bugun lafiya. In kuma daga ɗakunan sama azarɓaɓin ya taso sunansa PAC. Ya ce mutane da yawa masu lafiyayyar zuciya suna da shi, akasari ma ba su san suna yi ba.

Amma bai tsaya a hoton wayata ba, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Ya ce na'urar aljihu ta kusurwa ɗaya take kallon zuciya, ta asibiti kuwa ta kusurwa 12, kuma daƙiƙa 30 ba za su gaya masa sau nawa abin ke faruwa a yini ba. Ya rubuta min gwajin jini na potassium da magnesium da thyroid da yawan jini, da sikanin na zuciya da suke ce wa eko, da kuma Holter na awa 24.

Holter ɗin nan wata 'yar akwati ce kamar ƙaramar waya ake rataya maka, da wayoyi manne a ƙirji, ka tafi gida da ita ka kwana ka dawo, ita kuma tana ta naɗar duk bugun zuciyarka. Sai da aka aske min gashin ƙirji. Ba wanka har sai an cire, alwala dai ba matsala, kuma lokacin zafi ne, gam ɗin ya yi ta min ƙaiƙayi. Daga baya na karanta cewa sunan wani Ba'amurke ne Norman Holter, kuma ta farkon da ya haɗa a 1947 nauyinta ya kai kilo 38, a baya ake goya ta, sai na ga ƙaiƙayina ba komai ba ne. Sun ba ni takarda suka ce duk sanda na ji abin in rubuta lokaci.

Sakamakon nan shi ya fi komai yi min amfani a duk tafiyar. Zuciyar mutum tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, tawa ta yi kusan haka, kuma a ciki masu azarɓaɓin dubu ɗaya da 'yan kai ne, wato wajen kashi 1 cikin 100. Likita ya ce inda suke fara sa ido sosai shi ne in ya kai kashi 10 zuwa sama, domin in ya yi yawa haka na tsawon lokaci yana iya raunana naman zuciya. Eko ya nuna zuciyar na matsa jini yadda ya kamata, ƙofofinta lafiya, jini ma ba a ga komai ba. Sai ya ɗauko takardar da na rubuta ya ce Malam duba nan, sau 14 ka rubuta ka ji, alhali sama da dubu sun wuce, wasu kana barci wasu kana ciniki. Kuma a cikin sha huɗun akwai biyu da ya duba lokacin ya tarar zuciyar ba ta yi komai ba. Na yi shiru.

To a nan ya kamata a ce magana ta ƙare ko? Ba ta ƙare ba, kuma nan ne zan faɗi aibin na'urar, ko in ce aibin zama da ita a aljihu. Na koma gida da albishir amma hannuna ya riga ya saba. Na idar da sallah in gwada, na ci abinci in gwada, kwastoma na tsaye ina ce masa ina zuwa in shige bayan kaya in gwada. Akwai ranar da na ƙirga a manhajar na tarar na yi gwaji 37. Ita kuma manhajar ba don ƙirga irin nawa aka fi gina ta ba, an fi yin ta don gano wata cutar daban da bugu ke rikicewa gaba ɗaya, saboda haka in tsallen ya faɗo cikin daƙiƙa talatin ɗin sau da yawa sai ta rubuto cewa ta kasa tantance wannan zanen. Ka yi tunanin ganin wannan rubutun ƙarfe 2 na dare kowa na barci. Gaba ya faɗi, jiki ya saki sinadarin tsoro, shi kuma sinadarin nan yana ƙara tunzura zuciya, tsalle ya ƙaru, ka sake gwadawa, haka zan yi ta zagaye har kiran assalatu.

Akwai kuma ƙananan matsaloli. Da hunturu in fata ta bushe zanen sai ya fito a hargitse sai na ɗan jiƙa yatsu. In hannu na rawa, kuma dole ya yi rawa in kana tsorace, ko wayar na jikin caji, nan ma hargitsi ne, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka zuciyarsa ce ta rikice haka. Wasu bayanan sai ka biya kuɗin wata-wata da dala kafin a buɗe maka, ni ban biya ba. Kuma su da kansu sun rubuta cewa ba ta gano ciwon zuciya irin na toshewar jijiya, don haka mai ciwon ƙirji kar ya zauna yana ɗora yatsu, asibiti zai nufa.

A watannin nan na daina zuwa ƙwallon da muke yi ran Lahadi, na daina hawa benen kasuwa sai in aiki yaro, har na zauna na rubuta basukan da ake bina da waɗanda nake bi na sa a ambulan. Ranar da matata ta ga ambulan ɗin ta zauna a bakin gado ta ce Baban yara don girman Allah ka ba ni abin nan in ajiye, likita ya ce lafiyarka ƙalau amma tun da ya shigo gidan nan ba ka yi barcin kirki ba, yaran ma sun fara tambaya ko ba ka da lafiya. Ban yi musu ba na miƙa mata. Kwana ukun farko sun yi min wuya sosai, sai in tsinci yatsuna a wuyana ina laluben jijiya.

Da na koma na gaya wa likita gaskiyar abin da ke faruwa bai yi min dariya ba. Ya ce tsoron ma ciwo ne kuma ana maganinsa, ya haɗa ni da ɓangaren masu kula da damuwa, na je sau uku duk da nauyin da na ji da farko saboda abin da mutane za su ce. A can na koyi in abin ya zo kar in tashi kar in gwada, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali in ci gaba da abin da nake yi, ni kuma na haɗa da azkar ɗina. Ya kuma yanka min ƙa'ida: in ɗauko na'urar ne kawai in na ji wani abu sabo da ban saba ji ba. Ya lissafa min abubuwan da in sun faru ba jira, suma ko jiri kamar zan faɗi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, bugu da sauri a jere da ya ƙi tsayawa, ko in ga tsallen na ƙaruwa in ina aikin ƙarfi. Ya tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, na ce babu, ya ce da akwai da binciken ya fi haka zurfi. Ya ce in abin ya hana ni sakat akwai ƙwaya irin su bisoprolol da ke rage shi, masu yawa sosai kuma har ƙona wurin da ke azarɓaɓin ake yi ta jijiya, amma ni bai ga buƙata ba. Don Allah kar wani ya ga sunan magani a nan ya tafi kemis, yana rage gudun zuciya kuma ba kowa yake karɓa ba, musamman mai asma.

Abin da na lura a jikina, ban ce na kowa ba: goro shi ne babba, da ina cin uku huɗu a yini yanzu na bari. Sai shayi mai kauri da daddare, rashin barci, da in na cika ciki da tuwo na kwanta ta gefen hagu. Maganin mura mai buɗe hanci ma ya taɓa tayar min da shi. Da azumi na tambayi likita ya ce in yi abina in dai sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma na yi lafiya. Tafiya da sauri bayan asuba kuwa ɗauke shi take yi gaba ɗaya, na koma ƙwallo ma.

To a saya ko kar a saya? In kana jin abin kuma duk ECG ɗin asibiti ya kasa kama shi, tana da amfani ƙwarai, ko aro ka yi na sati biyu ka kama shi ka kai wa likita. In kuɗinka na abu ɗaya ne, wallahi ka kai su wajen Holter da eko, su ne suka ba ni amsa. In kuma ka san kai mai yawan sa abu a rai ne kuma an riga an duba ka an ce zuciyarka lafiya, ni dai ba zan ba ka shawarar ka ajiye ta kusa da kai ba.

Tawa tana cikin durowar matata har yanzu, a wata ukun nan sau biyu na karɓa. Tsallen bai tafi ba, jiya ma da nake rufe shago ya yi min sau uku a jere da bugun lafiya a tsakaninsu, na tsaya na ja numfashi, na ƙarasa sa kwaɗo na tafi masallaci.