"Kernel panic" a tsohuwar kwamfuta: laifin manhaja ne ko na kayan ciki?

Malam, ka ce tsohuwar kwamfutar shagonka da ke wajen Ringim, mai Ubuntu, tana tsayawa kafin ta gama tashi, allo ya cika da rubutu har da "Kernel panic" (wato kanel, zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya ci karo da matsala ya tsaya cak), kana tambaya ko ka kai ta Kano a yi mata fomatin. Don Allah dakata tukuna, akwai takardun mutane a ciki.

Ka kunna ta sau uku, kowane karo ka ɗauki hoton allon da waya. In wuri ɗaya take tsayawa da rubutu iri ɗaya, ka fi zargin manhaja. In yau nan gobe can, ko sai ta ɗau zafi, to kayan ciki ne, kuma fomatin ba ya warkar da wannan.

Ɓangaren manhaja ba ya cin ko sisi. Riƙe Shift tana tashi har GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi, ya fito, ka shiga "Advanced options" ka zaɓi kanel ɗin da ya gabata. Sau da yawa sabuntawa ce ta kawo wanda bai jitu da tsohon inji ba. In bai yi ba, danna e, nemi layin da ya fara da linux, goge quiet splash don ka ga inda take tuntuɓe, ƙara nomodeset, sai F10. In ta ƙi, gwada rubuta noapic a wannan layin. Acpi=off kuwa sai ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, domin yana iya hana ta kashe kanta. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka ji tsoro, canjin na tashi ɗaya ne kawai. In ka ga "Unable to mount root fs", kanel ne ya kasa kaiwa ga faifan ajiya.

Ɓangaren kayan ciki ya fi wahala, amma a ƙauyukanmu ni shi na fi zargi, saboda ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar janareta. Zare wayar wuta, ciro ram, goge haƙoransa masu ruwan zinare da magogin fensir, hure ramin, ka mayar da guda ɗaya tak. Sannan ka kunna Memtest86+, manhajar gwajin ram, daga GRUB ko filash: jan layi ko ɗaya ya fito, wannan ram ɗin ya tashi aiki. Gwajin na ɗaukar lokaci, ka bari sai rana ta buɗe sola ta cika. Duba kafasitocin, ƙananan gwangwanayen nan da ke kewaye da processor (ƙwaƙwalwar kwamfutar), in kansu ya kumbura ko ya tsatso, sai mai gyara. Agogo na komawa baya? Batirin CR2032 ne.

Ni da manhaja zan fara, tunda minti goma ya isa, ba a kwance ko noti ba.

In dai sai an sake zuba mata manhaja, fara kwashe takardun da filash. Sannan duba irin processor ɗinta: Core 2 Duo na ɗaukar manhajar 64-bit, amma Pentium M da yawancin Pentium 4 na farko 32-bit ne, kuma Lubuntu 18.04, Ubuntu mara nauyi, ce ta ƙarshe mai dogon tallafi da ta zo musu. Irin waɗannan antiX, wata Linux mara nauyi, ta fi dacewa da su. Turo hoton allon mu karanta layukan ƙarshe tare.