Kaskon shuke-shuken falo bayan wata takwas a Kura

Kaskon shuke-shuken falonmu irin haɗin nan ne da masu sayar da furanni na bakin titi a Kano suke yi: faffaɗan kaskon ƙasa, moɗa uku (shukar nan mai dogayen ganye kamar takobi), alobera biyu, sai wata mai yaɗo mai ganye kamar zuciya da ke zubowa ta baki.

A wajen tsari ba ni da ta cewa. Ba a jera su sahu-sahu kamar dashen shinkafa ba. Doguwar moɗar tana gefe, gajerun suna jingine da ita, an bar ɗan fili an watsa tsakuwa da guntun busasshen icce, sai ka rantse a gindin dutse suka tsiro da kansu.

Aikin ya ɓaci ne a inda ido ba ya gani. Baƙar lakar fadama suka cika kaskon da ita, kuma ko huda ɗaya babu a ƙasansa. Moɗa da alobera ba sa son zama cikin jiƙa, mai yaɗon kuwa danshi take so. Cikin sati shida gindin alobera ɗaya ya yi laushi, ganyen ya yi rawaya, ƙasar tana tsami.

Gyaran ba wuya. A jiƙa kaskon ya kwana, sannan a huda shi wuri uku da ƙusa, a hankali kada ya tsage. A sake ƙasa: awo biyu na yashi mai tsakuwa, ɗaya na ƙasar gona, ɗaya na babbakakken ɓuntun shinkafa, da tafi guda na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen ɓuntu ko sabon kashin awaki gara yake gayyatowa. Mai yaɗon a ba ta ƙaramar tukunyarta, a binne a bakin kaskon, ta sha ruwanta ita kaɗai.

Ban ruwa sai an tsoma yatsa an ji ƙasa ta bushe: wajen sati biyu da hunturu, kwana bakwai zuwa goma da bazara a ɗakin kwano. Ruwan rijiya mai zartsi yana barin farin gishiri a saman ƙasa, ruwan sama ya fi. Ƙurar hunturu kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Moɗa ta jure ƙarancin hasken ƙaramar tagarmu, alobera kuwa ta miƙe ta yi fari, dole aka matsar da kaskon bakin taga. Mai ƙananan yara ya ɗaga mai yaɗon sama, ruwan ganyenta yana ƙona baki. Wanda zai saya, ya ɗaga kaskon ya leƙa ƙasansa kafin ya biya.