Rigar gwanjo mai launi a Jidda: ta auduga ko ta roba?

Macen da ta haura shekara 40 ba ta wuce sa ja ko ruwan ɗorawa ba, musamman a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar abaya. A kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda, abin dubawa shi ne yadin.

Ta roba, wato poliyesta, ta fi ɗaukar ido. Launinta ba ya koɗewa, ba ta yamutsewa, kuma nan da nan ta bushe. Amma zafin Jidda mai ɗanshi ne. Roba ba ta shan gumi, sai ta manne a baya, warin hammata kuma ya kama zaren, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Dutsen guga mai zafi yana ƙona ta. A bar ta don walimar dare cikin na'urar sanyaya ɗaki.

Ta auduga ce rigar yini, kuma ita muka fi so, sai dai tana son lura. Hajiya, juya cikinta ki duba hammata da wuya: tabon rawaya da ya daɗe da wuya ya fita. Ɗaga ta ga haske, inda ya yi shara-shara nan za ta fara yagewa. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefen ɗinki. In ya ɗauki launi, za ta yi zuba, sai a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa a juye.

Kafaɗa ta zauna daidai. Tela zai rage faɗi, amma ba zai ƙara ba.